Muryar Malam Sambo da Rumbun da Ya Ƙi Buɗuwa

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Wanda ya kawo gyaran laftof sai ya tambaya, wanda ya shigo shan inuwa sai ya tambaya, har mai shayin bakin layinmu da ba ruwansa da kowa ya ce wai me ya kai ni Faranshi, wato Nijar, ana tsakiyar aiki. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Jiya ma na ji an ce wai jandarmomi sun kulle ni. Ba wanda ya kulle ni. Ga yadda aka yi tun daga farko, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Issufu abokina ne tun muna karatu a nan Sakkwato, ɗaki ɗaya muka zauna, tukunya ɗaya muka ci. Yanzu shi ke riƙe da wani ƙaramin gidan rediyo na al'umma a wani gari cikin ƙasar Illela. Ba Illelarmu ta bakin iyaka nake nufi ba, tasu ta can ciki, gaba da Konni. Shekarun baya ya zo shagona yana kukan cewa zafi na cinye musu kaset-kaset. Na haɗa masa akwatin ajiya, irin mai faifai biyu a ciki, wanda ake jona wa waya duk kwamfutocin gida su riƙa zubawa suna ɗiba. Na haɗa masa da akwatin wayfai, na saita su tare a kan teburina, na manna takardar shagona a gindin kowanne, ya ɗauka ya tafi. Mutanen rediyon suka sa wa akwatin ajiyar suna rumbu. Duk abin da suka taɓa ɗauka suka juye a ciki, kaset ɗin kuwa suka ƙarasa lalacewa a sito.

Ran da ya kira ni, tun daga sallama na ji muryarsa ba daɗi.

"Nasiru, rumbu ya ƙiya."

"Ya ƙiya yaya?"

"Ordinater, kwamfutarmu, ba ta ganinai. In munka danna sai ta yi ta juyi, can ta ce ba ta samu hanya ba."

"Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun rasuwar Malam Sambo."

Malam Sambo dattijon Bafulatani ne, shi ke gabatar da shirin makiyaya tun da aka buɗe rediyon, da Fulatanci da Hausa: cigiyar shanu, labarin rijiyoyi da burtali, gaishe-gaishe. Na san da rasuwarsa, kuma na san ba jiya aka yi ta ba. Na ce, "Haba Issufu! Watanni kana zaune da abu a lalace, sai yau ka tuna da ni?" Ya ce ya ɗauka zai dawo da kansa, suna ta lallaɓawa da fulash. Ya ce a gari ma har an fara cewa Malam Sambo ya tafi da muryarsa, mai gadi ya daina shiga ɗakin da rumbun yake.

Sannan ya faɗa mini abin da ya hana shi barci. Inna Dije, matar marigayin, ta aiko tun farkon takabarta cewa abu ɗaya take roƙo: a sa mata muryar maigidanta a memori, ta riƙa saurara a 'yar rediyonta. Issufu ya ce an gama. Kullum in ta aiko sai ya ce gobe, sai ya ce jibi. To ga takaba ta ƙare, 'yan'uwanta sun zo za su tafi da ita arewa tare da shanu da zarar kasuwar garin ta ci, kuma ba dawowa za ta yi ba. Muryar Malam Sambo kuwa ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan rumbu.

Mun gwada ta waya. Wayyo Allah! Kwamfutarsa da Faransanci take magana, ni da Turanci na san abubuwan. Na ce ya danna wancan, ya karanto mini wata kalma mai tsawon igiya, na ce ban gane ba, ya fassara mini da Hausa, ta fito wani abu dabam. Muka yi ta yi har muka fara yi wa juna tsawa. A ƙarshe ya ce ai Alhaji, shugaban kwamitin rediyon, ya samo wani mai gyara daga Tawa, wai zai ciro faifan ya jona a kwamfutarsa ya gani.

Faifan rumbu ba yarensu ɗaya da kwamfutar ofis ba. Da ka jona shi za ta ce ba ta gane shi ba, ko ta wanke shi? In mutum ya danna e, shi ke nan, sai dai labari. Na ce, "Issufu, don girman Allah kada ka bari a kwance ko noti ɗaya. Ga ni nan zuwa." Na cusa laftof da wayoyi da 'yan kayan aiki a jaka, na ce wa maiɗakina zan leƙa Nijar in dawo. Ta ce a sayo mata cuku.

Daga Sakkwato zuwa iyaka ba wani labari, sai zafi da matsi. A Illelarmu na sauka na hau babur ɗin haya, kabu-kabu. Wajenmu aka duba takarda aka ce in wuce. A wajensu ne wani jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo mai fuskar da ba wasa, ya sa na zazzage jakata a kan tebur. Ya ɗaga filayar matse kan waya ya ajiye. Ya ɗaga 'yar na'urar da nake gwada waya da ita, ya danna, fitilunta suka fara gudu ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga ya ja da baya, wanda ke kusa da shi ma ya miƙe.

"Wanga mi ne ne?"

"Ranka ya daɗe, abin gwada waya ne."

"Wace waya? Mi take ƙirgawa haka?"

Na ga in ban yi da gaske ba nan zan wuni. Na ciro waya na jona kai da kai, na nuna masa yadda fitilun ke bin juna in waya lafiya take. Ya sa na cire, na mayar, na sake cirewa. Can ya saki fuska, ya zaro wayar salularsa daga aljihu ya ce tun da ni injiniya ne, me ya sa tasa take cewa ta cika alhali bai sa mata komai ba? Na zauna a kan benci na share masa bidiyoyin wa'azi da na kokawa da aka turo masa tun bara. Ya raka ni har bakin hanya yana ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci, ya tsayar mini da kabu-kabu da kansa. Wannan shi ne kullewar da kuka ji an yi mini.

Konni gari ne da in ka rufe ido ka ce gida kake. Hausarmu ce, nairarmu ma tana yawo a hannun mutane. Sai ka ji an ce wa ofis buro ko makaranta lakwal ka tuna ka ƙetare. Abin da muke kira sabis su rezo suke cewa. Gaisuwarsu kuma ba ta da gaggawa. Na tambayi wani dattijo hanyar tasha, sai da ya tambaye ni lafiya, da gida, da zafi, da gajiyar hanya, ni kuwa ƙafata na rawa, kafin ya ɗaga hannu ya nuna mini tashar, ashe a bayana take.

A tasha motar Tawa ba ta ko yi rabi ba, direban na kwance ƙarƙashinta yana barci. Ni kuma kun san ni da gajen haƙuri. Ɗan kamasho ya ce ga wata ta cika za ta gabas, in shiga a sauke ni a mararrabar Tsarnawa, inda hanyar arewa ta rabu, can ba a rasa mota. Na ce madalla. Kafin mu tashi na sayi dambu da zogale wurin wata mata, ta zuba mini mai ba ƙyashi, na bi shi da fura mai sanyi. Wannan furar ce ta cuce ni. Na gaya wa direba inda zan sauka, ya ce to, na jingina kai da jaka.

Ina buɗe ido na ga wani dogon gini yana fitar da hayaƙi, ga manyan motoci jere. Na ce wa na kusa da ni, "Nan ne Tsarnawa?" Ya dube ni da tausayi ya ce, "Tsarnawa? Wanga Malbaza ce, ga masana'antar siminti nan kana gani." Na yi wa direba ca. Ya ce shi ya tsaya a mararraba, ya yi kira, ba wanda ya motsa, kuma shi ba ya tada baƙo daga barci, rashin ladabi ne. Ka ji fa! A wajenmu da tuni kwandasta ya fizge jakar daga ƙarƙashin kaina.

Na sauka ina huci, na tsallaka titi in nemi ta komawa. Sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso, masu tebura suka fara kwashe kaya da gudu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kowa murna yake, ruwan fari ne mai ƙarfi, har da masu fita su tsaya a ciki. Ni kaɗai ne a rumfar da muka fake raina a ɓace, don na san ruwan nan shi ne zai sa makiyaya su ƙara ɗaure kaya.

Mutumin da ya gaya mini Malbaza ce, Malam Hamidu, direban babbar motar siminti ne yana komawa gida. Ya ce yau kam ba mota, in zo mu tafi. Ban san shi ba, bai san ni ba, ko sunana sai a ƙofar gidansa ya tambaya. Ya shimfiɗa mini katifa a zaure, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu, ya ajiye ya fita ya ja ƙofa. Na zauna ina jiransa mu ci, tuwo na hucewa. Da ya leƙo ya ga ban taɓa ba, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka abincin ne bai yi mini ba. Ashe a gidansu barin baƙo ake ya ci shi kaɗai don kada kunya ta hana shi ƙoshi. Na ce mu kuwa in ka bar baƙo shi kaɗai da kwano sai ya ce ƙyamarsa kake. Muka yi dariya, ya wanke hannu muka cinye tare.

Bayan magariba Issufu ya kira. Ya ce Alhaji ya ce ba za a ƙara jira ba, gobe da hantsi zai aiko da mai gyaran Tawa, jibi kuwa kasuwa.

"Ka ce masa a'a mana!"

"Nasiru, Alhaji sa'an babana ne. Ba ni iya dubanai in ce a'a."

"To ka ɓoye rumbun."

"Shi ma ƙarya ce. Kai dai taho. Ni san yadda zan yi."

Da asuba Malam Hamidu ya tashe ni, aka kawo kofi da madara da burodin nan nasu dogo mai tauri, wanda in ka gutsura sai ɓawonsa ya zube maka a riga. Ya ɗauke ni a babbar motarsa har mararraba, ya tsaya sai da ya ga na shiga motar Badagishiri, ya kuma ce wa direban, a gabana, "Wanga baƙo ne, in ya yi kwana a tada shi." Duk motar aka yi mini dariya.

Ban rufe ido ba. Ko na so ma ba hali, don wata tsohuwa ta ɗora mini kajinta a cinya ta ce in riƙe mata ta gyara zane, ba ta sake karɓa ba sai da muka iso. A hanya akwai shingen jandarma, inda kowa ke sauka ya bi layi da katinsa a hannu, ba hayaniya, ba mai cewa ka san ko ni wane ne. Wannan kam ya burge ni. Daga Badagishiri na ɗauki kabu-kabu. Muka bar kwalta, muka bi ta gefen gonaki, ko'ina mutane ne duƙe suna shuka bayan ruwan jiya. Muka iso wata ƙorama da ta kawo. Mai babur ya ce shi zai tura, ni in taka. Na naɗe wando, na ɗora jakar laftof a ka, na shiga. A tsakiya laka ta riƙe mini takalmi ɗaya, na ja ƙafa ta fito, shi ya zauna. Na duƙa in lalubo, jaka ta karkace, na ce a'a, takalmi ya tafi abinsa. Haka na shiga garin, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Gidan rediyon ɗaki uku ne da dogon ƙarfen eriya da faifan sola a kan rufi. A gindin bishiyar bedi a tsakar gida na tarar da Issufu durƙushe gaban ɗan murhun gawayi, da wani mutum a kan tabarma, sukudireba a gefensa. Wannan shi ne Mamman, mai gyaran Tawa. Tun hantsi ya iso. Issufu ya ce masa ba a taɓa aiki a gidan nan sai baƙo ya sha shayi. Ku kuwa ba ku san shayinsu ba. Ba irin namu ba ne da ake zubawa a kofi a kurɓe a tashi. 'Yar buta ce a kan gawayi, a dafa, a ɗaga sama a tsiyaya, a mayar, a sake, har sai ya yi kumfa, a sha na fari mai ɗaci, a sake ɗora na biyu, a sake ɗora na uku, kuma tashi kafin na ƙarshe cin fuska ne. Issufu ya ja abin nan iyakar jansa, gawayi ma ɗaya-ɗaya yake sawa. Ina shiga ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce, "Alhamdu lillahi. Wallahi ganyen shayina ya ƙare."

Na so in yi wa Mamman faɗa, sai na ga mutumin kirki ne, gyaran waya da kwamfuta ya sani, bai taɓa ganin irin wannan akwati ba. Na ce ya zo mu duba tare.

Rumbun na nan a kan kanta a ɗakin watsa shiri. Abin da na fara yi shi ne kallonsa. Fitilunsa kore ne, fankarsa na juyawa. Na kara kunne, na ji faifan biyu suna aiki sumul, ba ƙara ba ƙwas-ƙwas. Na ɗan ji sanyi. Na cire wayarsa na gwada, lafiya lau. Ta kwamfutar ma lafiya lau. Issufu ya ce ko kalmar sirri ce ta mutu? Na ce in ita ce, da kwamfutar ta tambaye ka ita. Wannan cewa take ba ta ga hanya ba, wato ko ƙofar gidan ba ta kai ba.

"Amma intanet shina yi," in ji shi. "Tun ran nan bai taɓa yankewa ba. Shi ya sa munka ce rezo lahiya yake, rumbun ne ya mutu."

Na zauna gaban kwamfutar. Allon rubutunsu ma wani jarrabawa ne, ka nufi wannan harafi wani ya fito, lambobi kuwa sai ka danne wani maɓalli kafin su bayyana. Da ƙyar na rubuta abin da muke kira ping, wato ƙwanƙwasa wa rumbu daga kwamfuta a ji ko zai amsa. Shiru. Na sake. Shiru. Sai na ce bari in ga lambar ita kwamfutar.

Kowace na'ura a gida tana da lambarta, kamar lambar gida a unguwa, akwatin wayfai ne ke raba musu. Rumbu kuwa tun a shagona na ba shi lamba tsayayya don kada ya riƙa yawo, na saita akwatin wayfai ya riƙa ba sauran lambobin unguwa ɗaya da shi. Ina dubawa na ga kwamfutar na ɗauke da lambar wata unguwa dabam, wadda ban taɓa sawa ba. Na juya na dubi akwatin wayfan. Fari ne, irin wanda na sayar masa sak. Na ɗaga shi na kifa. Takardar shagona babu. A madadinta ga ɗigo uku na jan farce.

"Issufu, wannan akwatin na wa ne?"

"Namu ne mana."

"Wa ya shafa masa jan farce?"

Ya karɓa ya duba. Na ga bakinsa ya buɗe a hankali. Ya ce, "Wanga ai shaidar matar Laminu mai caji ce. Haka take yi ma butocinta da kwanoninta in za ta ba da aro." Sai ya dafe kai ya zauna a ƙasa.

Ga abin da ya faru. A garin, in an yi rasuwa, kowa abin da yake da shi yake kaiwa gidan makoki: tabarmi, benci, butoci, tukwane. Rediyo ta kai lasifika da kujeru. Da yake 'ya'yan Malam Sambo da danginsa suna warwatse, wasu a Abijan wasu a Libiya, ana son su riƙa kira ana ganin fuska, sai Issufu ya zare layin rediyo daga akwatin wayfai ya ba da aron akwatin su sa nasu layin. Laminu, mai shagon cajin waya a bakin kasuwa, shi ma ya kai nasa, iri ɗaya. Da aka tashi makoki aka rarraba kayan aro, na Laminu ya zo rediyo, na rediyo ya tafi shagon Laminu. Issufu ya mayar da layinsa, ya jona wayoyi, intanet ya kawo, ya ce alhamdu lillahi. Ya lura sunan wayfan ya canza, sai ya ɗauka don an cire layi ne ya koma na kamfani, ya kwafi sabuwar kalmar sirri daga jikin akwatin, aka ci gaba da harka.

Na ce duk wannan zato ne sai na gani da idona. Na zare wayar rumbun na jona ta kai tsaye a laftof ɗina, na sa wa laftof lambar tsohuwar unguwa da hannu, na rubuta lambar rumbu. Mu uku muka zuba wa allon ido. Sai ga rumbu ya tambayi kalmar sirri. Issufu ya faɗa, na rubuta. Foldodi suka zubo, jere, ba wadda ta ɓata. Ga ta makiyaya nan a cike, shekara bayan shekara.

Mamman ya yi ta kabbara, sannan ya ce a hankali, "Da na jona, da ta tambaye ni, da na danna e." Ya ɗauki sukudirebansa ya sa a aljihu. Na danna fayil ɗaya don in tabbatar ba suna kawai ya rage ba. Muka ji gyaran murya na dattijo, sai Issufu ya miƙo hannu ya tsayar. Ya ce, "Ya isa. Ba mu ya kamata mu fara ji ba."

Muka tafi shagon Laminu, ni da silifas ɗin aro. Ga akwatinmu nan rataye a ƙusa, takardar shagona a gindinsa. Laminu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce shi fa wannan ya fi nasa kama rezo, ko za a bar masa? Issufu ya ce ko zai haɗa da shagon ba ya bayarwa. Muka dawo muka jona, kwamfutar ɗakin shiri ta buɗe rumbu nan take kamar ba ita ta yi watanni tana gardama ba. Na sa suka kawo wani faifai na waje muka fara kwafar komai a ciki, na ce a ajiye shi a wani gida dabam. Na kuma ɗauki fenti na rubuta sunan rediyon a saman akwatin wayfai da manyan haruffa, don na san ba za su daina ba da aro ba, kuma ban ce su daina ba.

Da la'asar muka tafi gidan Malam Sambo a bayan gari, da memori a aljihun Issufu. Tsakar gidan duk kaya ne a ɗaure, ƙore an jera su cikin raga, jakuna na tsaye. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar ɗaki. Inna Dije na ciki daga bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi, 'yar siririya, hannunta riƙe da carbi. Muka yi gaisuwa, muka sake yi mata ta'aziyya. Ba ta tambayi komai ba. Ina jin ta riga ta cire rai, ta ɗauka ban-kwana muka zo yi.

Issufu ya ce, "Inna, a ba ni rediyonki."

Ƙanwarta ta miƙo wata 'yar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da zare. Ya sa memorin, ya lalubo shirin da yake so, ya ajiye a bakin ƙofar, ya dawo ya zauna.

Aka yi gyaran murya. Sai muryar dattijo, a sake, ba gaggawa: "Assalamu alaikum, makiyaya na kusa da na nesa."

"Wa alaikumus salam," in ji Inna Dije. Ba ta san ta faɗa ba. Ta gyara zama, ta ƙara jan mayafi, yadda mace ke yi in maigida ya shigo da baƙi.

Duk gidan aka tsaya cak, masu ɗaurin kaya suka saki igiya. Ya yi cigiyar wata karsana, ya yi gargaɗi kan wata rijiya da ta rufta, ya juya Fulatanci ya daɗe, ya dawo Hausa ya shiga gaishe-gaishe. Can ya ce, "Ina gaida mai nono ta gindin tsamiyar kasuwa, wadda nononta bai taɓa ganin ruwa ba. Wanda bai saya wurinta ba ya cuci kainai." Issufu ya raɗa mini cewa Inna Dije ce, Malam Sambo bai taɓa kama sunanta a rediyo ba.

Na ɗauka kuka za ta yi, har na sunkuyar da kai. Sai na ji dariya, 'yar ƙarama, daga cikin mayafi.

"Ku ji shi hwa," in ji ta. "A gida kullum cewa yake na tsinka shi da ruwa."

Ta sa bakin mayafi ta share ido. Ta jawo rediyon ta ɗora a cinya, ta juya shi, ta dube ni ta ce, "Ɗana, ina ake taɓawa shi koma baya?"

Na matsa na nuna mata maɓallin, na sa ta danna da yatsanta har ta iya. Muka yi sallama muka tashi. Ba mu kai ƙofar gida ba muka ji ya sake gyara murya ya yi sallama, ta sake amsa masa.